Aya-Nawa da Waƙar Matarsa

Shekara ashirin da shida ba a rera sabuwar waƙa a majami'ar nan ba sai ta bi ta shagon kafinta. Ba fasto ne ya kafa dokar ba, ba kuma dattawa ba. Kafintan ne ya kafa abarsa, ta hanyar miƙewa ana tsakiyar sujada ya tambayi mawaƙa, "Wannan yana aya ta nawa?" Da ya yi haka sau huɗu ko biyar, kowa ya ga gara a kai masa takardar tun ranar Laraba, ya gama masifarsa cikin garin katako, a samu a yi Lahadi lafiya. Daga nan sunan da iyayensa suka raɗa masa ya ɓace. Yara da manya Aya-Nawa suke ce masa, yana kuwa amsawa har da gyara tsayuwa.

Bai yi makaranta ba. Yana da shekara talatin ya koyi karatu, a tsaye, Littafi Mai Tsarki a buɗe bisa teburin aiki, yatsa na bin baƙaƙe, ɗaya hannun riƙe da zarto. Shekara uku ya yi kafin ya kai bangon ƙarshe, ya juyo ya sake daga farko. Mutumin da ya sha wannan wuyar ba ya yarda wani ya zo don yana da zaƙin murya ya ƙara wa Littafin abin da babu. A wurinsa waƙa da ƙyauren ɗaki duk ɗaya ne, ko ta shiga gurbinta daidai ko a rage ta.

Yadda yake aikin ma abin kallo ne. Zai share garin katako da gefen hannu, ya shimfiɗa takardar, ya danne ta da guduma kamar za ta gudu. Sai ya zaro fensirin nan mai faɗi daga bayan kunne, ya lasa bakinsa, ya bi baiti-baiti yana rubuta sura da aya a gefe. Baitin da ya rasa aya, ya ɗora rula ya soke shi da zane miƙaƙƙe, don ko soke abu ba ya yi a karkace. In ya gama ya sa hannu a ƙasa, ya ɗaga guduma, mai waƙa ya ja takardarsa. Mai waƙar dai yana tsaye duk tsawon lokacin, kamar wanda ya kawo akuyarsa wurin mahauci.

Shi ya kori jaki daga waƙar haihuwar Ubangiji, jakin da tun kakanni ake ɗora uwar a kansa, wai ya bi shafi-shafi bai ga ko wutsiyarsa ba. Shi ya hana a ce masanan da suka zo daga gabas su uku ne. Kyautarsu aka ƙirga, in ji shi, ba kawunansu ba, wa ya sani ko su goma sha biyu ne marowata suka haɗu a kan kyauta uku. Mala'iku ma ba su tsira ba, ya karɓe garayun da mawaƙa suka rarraba musu, ya ce ba su aka ba wa ba. Fastoci huɗu suka zo suka tafi. Kowanne ya iso da niyyar gyara masa zama, kowanne ya ƙare yana aiko masa da wa'azinsa a ɓoye ranar Juma'a a duba. Ga shi bencinan majami'ar kaf shi ya yi su, kuma ba mai son faɗa da mutumin da ya san ƙusar da za a zare kowa ya zube ƙasa.

Da abin ya tsaya kan jaki da garaya, da dariya kawai za a yi ta sha. Amma yana da ɗa, ɗan farinsa, mai kaɗa jita, wanda ya gaji hannun uban wajen katako ya gaji muryar uwar. Yana da shekara ashirin da uku ya tsara waƙa kan ɓarawon nan da ya tuba a kan gicciye, bai kuwa kai ta shago ba. Ko ya ɗauka ɗan gida ba ya bin layi ne, ko kuwa don ya san halin ubansa ne, oho. Ranar da ya rera ta majami'a ta yi tsit, tsofaffi na share hawaye da bakin mayafi. Yana zuwa inda ya ce ɓarawon da ke hannun dama ya juyo ya roƙi Ubangiji, sai benci na uku ya yi ƙara. Aya-Nawa ya miƙe, ya tambayi ɗan cikinsa a gaban mutum ɗari biyu wace aya ce ta ce a dama ɓarawon yake.

Gaskiyarsa ce, babu ayar. Abin haushin mutumin nan ke nan, bai taɓa yin kuskure ba balle a huta. A gida ya ƙara da cewa mai yi wa Littafi ƙarin gishiri ba zai kwana a ƙarƙashin rufinsa ba. Ɗan ya ɗauki jitarsa da kayan aikinsa ya koma wani gari mai tafiyar awa uku a mota. Shekara tara ke nan. Ya buɗe shago, ya yi aure, an haifa masa 'ya. Uwar tana zuwa duk bayan wata biyu da sunan sarin yadi, uban kuma yana yi kamar bai ga kwanon abincin da take tafiya sarin da shi ba.

Matar tasa yadi take sayarwa a kasuwa, ita ce kuma mai ba da waƙa a zumuntar mata. Tun daga waccan ranar ba ta sake tsara sabuwa ba, tsofaffin da aka riga aka sa wa hannu take ta juyawa. Sai wata Laraba ga ta a ƙofar shago da takarda a ninke. Ta tsaya bayan shugaban mawaƙa tana jiran layinta kamar baƙuwa, alhali tare suka karya kumallo.

Waƙar bishara ce, a kan misalin ɗan nan da ya karɓi gadonsa ya tafi wata ƙasa ya cinye, har ya koma kiwon aladu. Baiti huɗu na farko suka wuce sumul, kowanne da ayarsa. Har Aya-Nawa ya fara jin daɗi, yana cewa a ransa zama da shi ya yi mata amfani. Sai ga baiti na biyar:

Uba ya ɗaura takalminsa, ya bi sawun ɗansa,
har garin da ake kiwon aladu, ya kamo hannunsa.

Ya ɗora rula ya soke. Ya ce uban bai je ko'ina ba, yana gida, ɗan ne ya dawo da ƙafarsa. Ta ce ya sake dubawa. Ya ce wurin nan ko daga barci aka tashe shi zai kawo shi da ka. Ta ce to, Lahadi ta sama mata za su rera, da baitin ko kuma babu waƙar gaba ɗaya, yana da lokaci. Ta bar takardar a ƙarƙashin guduma ta tafi kasuwarta. Ya kai ƙara wurin fasto, matashi ne sabon zuwa. Fasto yana jin sunan masu shari'ar tari ya sarƙe shi, da ya samu numfashi ya ce shi ba a koya masa shiga tsakanin miji da mata a kan aladu ba.

Kwana shida Aya-Nawa yana bincike, ba don yana shakka ba, sai don yana so ya kayar da ita kayen da ba tashi. Ya duba tsohuwar fassara mai yagaggen bango, ya duba sabuwa, ya aro babban littafin sharhin fasto wanda faston ke tokare taga da shi. Ya ga a shafin nan ɗaya makiyayi ya bar garke ya bi tunkiyar da ta ɓace, ya ce wannan makiyayi ne, ba uba ba. Ya ga uban ya hango ɗan tun daga nesa ya sheƙa da gudu, ya ce gudun ƙofar gida ne. Har fita ya yi bakin shago ya gwada iya inda idon tsoho ke kaiwa, ya ga bai wuce kwanar mai faci ba. Teburin da aka ba shi aiki kuwa yana nan da ƙafa uku.

Ranar Talata da la'asar ya same ta a tsakar gida tana ninke yadi, ya jera mata littattafansa uku a kan tabarma, ya yi mata bayani dalla-dalla har da takun da ya ƙirga zuwa kwanar mai faci. Ta bar shi ya gama.

"Na ji, Malam," ta ce. "Ka ci. Uban bai je ba. Amma shi wancan ɗan, ubansa ne ya kore shi?"

Ya ce a'a, shi ya tafi don kansa.

"To karanta mini ƙarshen labarin, inda ka saba wucewa da sauri."

Ya karanta da muryarsa ta majami'a. Babban wan ya dawo daga gona, ya ji kiɗa da rawa a gida, ransa ya ɓaci, ya ƙi shiga.

"Mutum ɗaya ne kaf a labarin nan ya ji kiɗa ya ɓata rai," ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Kai da ka iya nemo wa kowa aya, ga taka nan."

Aya-Nawa ya sake duba shafin. Shekara tara yana karanta misalin nan yana ganin kansa a matsayin uban, dattijo mai haƙuri da ke zaune yana jiran a zo a durƙusa masa, har jawabin yafewa ya tanada, mai aya huɗu. Bai taɓa kallon wanda ke tsaye a waje yana huci ba. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba, a bayanta kuma kewar ɗansa ta taso masa. Washegari a shago ya yanka ƙafar teburin nan ta huɗu, ta fito gajera da yatsa biyu. Ya daɗe yana kallonta.

Baitin dai bai janye sokewar ba, don ba zai rubuta ayar da babu ba ko da kuka yake. Ranar Juma'a ya sa hannu a ƙasa, ya ɗaga guduma. Babu mai waƙa a tsaye da zai ja takardar, sai iska ta kifar da ita. A shekara ashirin da shida bai taɓa ganin bayan takardar waƙa ba. A bayan wannan kuwa, da rubutun matarsa, ga tashar da ake shiga mota, ga inda ake sauka, ga layin kafintoci, shago na shida a hannun hagu. Tun Larabar farko abin yana nan a ƙarƙashin gudumarsa.

Da safiyar Asabar ta fito ta tarar da shi a bakin ƙofa yana ɗaura takalmi. Ba ta tambaye shi ina za shi ba. Ta dai ce, to waƙar fa?

"Baitin sokakke ne," ya ce. "Amma gobe ba na nan."

Da ya isa garin, tun daga bakin layin kafintoci ya hango ɗan nasa. Ya yi gemu, ya ajiye ɗan tumbi, yana haɗa akwatin lasifika, ga fensir a bayan kunne. Ɗan ma ya hango shi. Bai taho ba, bai shige ciki ba, ya tsaya da zarto a hannu yana kallo. Aya-Nawa ya san dai a Littafi akwai wanda ya yi gudu a daidai wannan wurin, ya duba ya ga ba wanda ke da niyya, sai ya tattare rigarsa. Mutum mai shekara sittin da takwas da gwiwar da ke ƙara in hadari ya taso, abin da ya yi ba za a kira shi gudu ba sai don kara. Tafiyar agwagwa ce mai sauri. Masu shaguna suka daina buga ƙusa, wani ya janye katako daga hanya. Fensirin ya faɗo daga bayan kunnensa wajen shago na uku, ya ji faɗuwarsa, bai waiwaya ba.

Ya iso yana haki, jawabin nan mai aya huɗu ya bi iska. Suka tsaya suna kallon juna, har sai da ɗan ya ajiye zarton.

"Baba, sannu da hanya," ya ce. Sa'an nan ya ƙara a hankali, "Wannan zuwan naka, yana aya ta nawa?"

"Babu ita," in ji Aya-Nawa. "Kwana shida ina nema. Uban can bai kori nasa ba. Ni na kori nawa."

Ɗan ya juya fuska ya goge ido da bayan hannu, ya ce ƙurar katako ce. Ya jawo wata 'yar kujera daga lungu ya karkaɗe ya ajiye masa, ya leƙa ta ƙofar baya ya ce wa matarsa ta kawo ruwa, ta fito da yarinyar ta gai da kakanta.

Aya-Nawa yana zama ya ji kujerar ta yi gefe. Ƙafa ɗaya ta gaza sauran, ta baya ta hannun dama, ko bai duba ba ya sani. Hannunsa ya tafi bayan kunne da kansa, ya tarar babu komai. Ya mai da hannun kan gwiwa, ya zauna a haka yana ɗan tangaɗi, yana jiran a kawo ruwan.