Farar Kaka

Har yau in na ji ƙamshin fara tana soyuwa da yaji da lemon tsami, ba yawu ke tsinke mini ba, raina ne ke ɓaci. Bari in gaya maka dalili.

A Magama na tashi, a ɗakin kakata ta wajen uba. Gidanmu na bakin titi, inda motocin Maraɗi ke jeruwa suna jiran kwastan bayan sun rabu da 'yan duwan, wato kwastan ɗin Nijar. Da an gama yankan gero sanyi ya fara shigowa, sai buhunan fara su soma tsallakowa daga Nijar, an riga an turara ta an shanya. Mu zauna a tabarma muna cire fiffike da ƙafafu har yatsunmu su yi ja. Kaka ta ɗora kasko a ƙofar gida, direbobi da 'yan dako su kewaye ta, wannan ya ce a ƙara yaji, wancan ya ce ta cika rowa, ita kuwa ta kaɗa masa ludayi. Da wannan kaskon ta rufa wa gidan asiri, da shi ta tura autanta, ƙanen babana, karatu birni.

Bai wani daɗe ba ya dawo, da littattafai a jaka da sabuwar murya. Washegari da hantsi, kasko na kan wuta, mutane sun cika, ya fito ya tsaya a kanta.

"Inna, wa ya yanka wagga hwara?"

Ta yi dariya, ta zaci wasa ne. "Ana yanka hwara, ɗan nan?"

"To abin da ba a yanka ba mushe na. Mushe kike ciyar da Musulmi."

A gaban kowa ya faɗa. Wani direba ya tofar da ta bakinsa. Ban manta yadda ludayin ya tsaya a hannun Kaka ba, man yana ɗiga a zaninta ba ta ma ji ba.

Limamin unguwarmu, tsoho mai sanyin magana, ya tako har zaure ya ce mata fara halal ce, malamai sun san haka tun da daɗewa, ta koma kan sana'arta. Ta yi masa godiya, amma da ya tafi ta ce, "Ɗana na cikina ba ya yi mani ƙarya." Babana ya yi faɗa, ya gaji ya haƙura. Da hannunta ta juye sauran buhun a rami bayan gida, ta dirje kaskon da toka da yashi, ta kife shi.

Rashin cinikin bai dame ta kamar tsoron Allah ba. Ta ɗauka shekara da shekaru tana zuba wa bayin Allah haram a ciki. Sai ta shiga bin layin motoci da sandarta, tsohuwa mai jikoki, tana leƙa tagogi tana neman tsofaffin masu sayen farar, tana cewa su yafe mata. Wasu su yi dariya, wasu su kau da kai don kunya. Ni ke riƙe mata hannu in za ta tsallaka titi, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Ko a ciwon ajalinta abin da ta riƙa tambaya ke nan, ko waɗanda ba ta samu ba za su tsayar da ita gobe kiyama.

Bara na je gida gaisuwa, na tarar da ƙanen baban nawa, gemu ya yi furfura, zaune da leda a gabansa yana ta ƙarus-ƙarus. Fara ce. Na tsaya ina kallonsa.

"Baba, mushe kake ci?"

Ya yi 'yar dariya. "Ai halal ta. Daga baya na gani cikin littafi."

"Yaushe?"

Ya karkaɗe yaji daga rigarsa, ya ce tun Inna na da rai. Wai nauyi ya ji, ya za a yi malami ya koma ya ce ya yi kuskure.

Wallahi ban san lokacin da na fice ba, don in na tsaya zan faɗi abin da ɗiya ba ta faɗa wa uba. Kuskure ba ya ba ni haushi, kowa na yi. Amma addinin nan da ya hana cin mushe shi ne ya hana mutum haramta abin da Allah ya halatta, shi ne ya koya wa mai ilimi ya buɗe baki ya ce bai sani ba. Ɗakin Kaka da nasa taku kaɗan ne, ya zaɓi girmansa.

Yanzu kowa da waya a hannu, kowa na yanke hukunci kafin shayinsa ya huce, kuma ba na jin mai dawowa ya gyara. 'Yan mata na soya fara a bakin titin nan ba mai ce musu uffan. Kaskon Kaka yana wurina, har yau a kife. Na sha ɗauko shi in ɗora a wuta, sai in tuna ta tafi kabari tana neman gafarar laifin da ba ta yi ba, in mayar da shi.