Ɓarawon Talabijin da Aji Ya Zaɓa

Jama'a, yau an ɗora wa bawan Allah sata, kuma da hannuna!

Malam Habu mai koya mana Hausa ya ce kowa ya rubuto labarin da ba za a gane mai laifi ba sai a ƙarshe. Na sha wuya! Na rubuta na wani Alhaji a Fagge da aka sace wa sabuwar talabijin. Na saka mai gyaran rediyo don ya ɗauke hankali. Ɓarawon kuwa ɗan Alhajin ne.

Malam ya karanta wa aji nawa, ya tsaya kafin shafin ƙarshe. "To, wa ya sata?"

"Mai gyara!" Kowa ya juyo yana kallon Sunday, wanda muke benci ɗaya. Babansa gyaran rediyo yake yi a Sabon Gari. Wani har da cewa, "A je shagonsu a duba!" Dariya kamar me.

Na ce, "Malam, ba shi ba ne, ƙarasa."

Ya duba shafin, ya ɓata rai. "Ɗan Alhaji da sata, ga kuɗi a gidansu? Hankali ba zai ɗauka ba. Mayar da shi mai gyara, ko sifiri."

Birona ya ƙi yi. Sunday ya miƙo mini nasa, ko kallona bai yi ba.

Na canza ƙarshen, na ci tara bisa goma. Da na mayar masa da biron, sai ya ce, "Riƙe. Ƙila shi ma na sata ne."