Ondina Mai Naɗin Waya

Da gari ya waye Ondina Kindelán take jawo keken ɗinkinta zuwa bakin ƙofa, don a nan ne kawai haske yake isarta. A unguwarmu ta Los Hoyos, nan Santiago, ba wanda ya san lokacin da za a kawo wuta, shi ya sa ta riƙe keken ƙafa. Ba tufafi take ɗinkawa ba. Ta cire allurar tun da daɗewa, ta ɗaura wani ɗan katako a jikin wilin, a kansa take naɗa wayar tagulla siririya kamar gashi a kewayen maganaɗisu. Abin da ke fitowa shi ne ɗan baƙin nan da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyar jitar bes, wato jita mai kaurin murya, mai ɗaukar motsinta ya kai lasifika. Mu makaɗa "ƙwaya" muke ce masa. In ƙwaya ta mutu, jita ta zama itace.

Ni mai busa kakaki ne, amma kowa ya san in bes ya yi shiru ba mai rawa. Ondina ta gaji aikin ne daga mijinta, wanda ya rasu ya bar ta da akwatin tsofaffin kayan tarho. Daga cikinsu take warware waya. Bayan babbar guguwar da ta kwashe rufin rabin garin nan, an riƙa kawo mata jitoci suna ɗigar ruwan gishiri, alhali ita ma ɗakinta a buɗe yake ga sama. Ta shanya su a kan gadonta, ita ta kwana a kujera.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar Evelio Duharte, mai bes ɗin ƙungiyarmu. Shanyewar ɓarin jiki ta same shi, ya tashi, sai dai hannun dama bai dawo daidai ba. Yana taɓa tsirkiya, sautin ba ya fita. Mai gidan rawan da muke wa kiɗa ya ce ko a ji bes ko a kawo wani. Evelio kuwa yana da mata marar lafiya, kuma bai iya komai ba sai wannan. Ni na raka shi wajen Ondina.

"Tsohuwa," ya ce, "ƙwayar likita ta gaza. Na zo ki ba ni taki."

"Kai da ƙwaya ba ta taɓa yi wa aiki ba sai ta kwalba," ta ce. "Kaɗa in gani."

Ya kaɗa. Ba jitar ta kalla ba, yatsunsa ta kalla. Sai ya ciro wata sabuwar ƙwaya da 'yar ɗan'uwansa ta aiko daga waje, yana ta murna. Ondina ta juya ta a hannu.

"Mai kyau ce. Amma da batir take aiki. Ina za ka sami irin wannan batir a Santiago? Ranar da ya mutu kana tsakiyar waƙa fa?"

"To ki naɗa mini mai ƙarfi."

"Wayar da ta rage ba za ta kai ba. Hannunka yana son naɗi mai yawa, wanda ko shafa shi ka yi zai amsa." Ta miƙa masa ƙwayarsa. "Sau ɗaya na taɓa yin irinta. Tana cikin ɗakin nan."

Evelio ya gane, fuskarsa ta sauya. Jitar Yoandri take nufi, tsohon ɗalibinsa mai taushin hannu, wanda ya shiga kwale-kwale da wasu samari shekarun baya don tsallaka teku zuwa ƙasar waje, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Mahaifiyarsa, Caridad, ita ta kawo jitar ta ce a ajiye masa, kada danshi ya ci ta kafin ya dawo.

"Ba zan taɓa kayan yaron nan ba," in ji Evelio. "Gara in yi bara."

"Bara da wane hannun?" ta ce. "Ba kai za ka roƙa ba. Ni zan je."

Ta ɗaura ɗankwali, ni da ita muka hau tudu zuwa gidan Caridad. Matar ta ba mu kofi, wanda rabinsa gasasshen wake ne kamar na kowa. Ondina ba ta yi kwana-kwana ba, ta faɗi abin da ya kawo ta. Caridad ta tambaye ta.

"In ya dawo fa?"

"In ya dawo, da hannuna zan mayar masa, 'yar'uwa."

Dukansu biyu sun san abin da suka sani. Ba wadda ta furta. Caridad ta ɗaga kai ta ce, "Ki cire a hankali. Ba ya son a goge masa fenti."

Ondina ta cire ƙwayar ta sa a jitar Evelio. Ranar Lahadi da yamma muka yi wasa. Evelio ya shafi tsirkiya, sauti ya fito mai kauri, mai zagaye, har ƙasa na amsawa. Duk wanda ya san Yoandri ya san muryar nan. Caridad tana tsaye a bakin ƙofa, ba wanda ya gayyace ta. Ta saurari waƙa ɗaya, ta riƙe ƙarfen ƙofar da hannu biyu, sannan ta juya ta tafi. Washegari ta sa baƙaƙen kayan makoki, karon farko. Evelio ya riƙe aikinsa har yau, amma na lura ba ya ɗaga ido in yana kaɗawa.

Ke ce kika ɗauki wannan nauyin, Ondina. Kin san za ki ceci gida ɗaya ki kashe fatan wani, kika tafi da ƙafarki kika faɗa ido da ido, ba ki aiki kowa ba. Na ga yadda kika sauko tudun nan kina dafa bango. Uwar makaɗa, mai aikin da ba a gani sai a ji. Ba a taɓa kiran sunanki a dandali ba, mu ake tafa wa.

Yanzu idonta ya tafi. Yanar ido ta rufe na hagu, na dama yana biye, wayar kuma ta fi ƙarfin lalube. Watan jiya ta tsinke naɗi har ta gaji, ta tashi ta ce shi ke nan. Mutum uku ta koya wa aikin. Ɗaya yana Madrid yana wanke kwanoni, ɗaya yana Montevideo, na ukun ko sallama bai yi mata ba.

Mun gode, tsohuwa, mu da muka ci abinci a hannunki ba mu sani ba. Ku kuma da kuka rage a garin nan, masu ido da haƙuri, ku je ku zauna a gabanta tun bakinta yana iya faɗin abin da hannunta ya sani. Na tambaye ta ko za ta karɓi wani ɗalibin. Ta juyo da fuskarta wajen muryata.

"Ya zo," ta ce. "Amma ka fara tambayarsa ko ya riga ya yi fasfo."