Zuwan Inna Sabuwar Unguwa

Ɗakinmu na farko yana bakin garin Filinge ne, a wata sabuwar unguwa da ko suna ba ta gama samu ba. Lokacin da aka kawo ni, in ka tsaya ƙofar gida kana hango gonakin hatsi, kuma kututturan karan bara suna nan cikin tsakar gidanmu. Meri, wato hukumar gari, ta riga ta yanka wurin, an kakkafa turakun siminti, amma babu wuta, babu hanyar kirki, famfo kuma guda ne ga unguwa duka. Mijina magini ne. Gidajen wurin da yawa da hannunsa a ciki, amma mu ɗaki guda gare mu da 'yar rumfa. Kullum yana cewa in ya gama na mutane zai ƙara mana.

Na mutane kuwa ba ya ƙarewa. Kowane rani sai ka ga sababbin fuskoki: waɗanda damina ta yaudara a ƙauyukan Kurfai, da waɗanda rashin kwanciyar hankali ya koro daga arewa, wajen Abala, da samarin cikin gari da suka yi aure gidan ubansu ya yi musu kaɗan. Wasu su gina, wasu su kewaye fili da zana su zauna. Kafin in yi shekara biyu, gonakin da nake hangowa sun zama katangu.

Na haifi ɗana na fari shekara guda da aure. Uwata ta rasu tun ina lakwal, 'yar makaranta, don haka gidan ubana na je wanka, cikin tsohon gari. Can ma babu wuri. Yayyena maza kowa ya yi aure, an tsattsaga ɗakuna, ni da jinjiri muka raɓa a ɗakin goggona tsakanin buhuna da ƙore. Ana gama arba'in na koma ɗakina.

Yaron bai fara rarrafe sosai ba na gane ina da wani ciki. Matan layin famfo sun riga ni faɗa. Kunika, in ji su, ciki a kan goyo. Suka ce in cire shi daga nono maza, don nonon ciki yana lalata cikin yaro. Na cire shi rana guda, yana kuka ina kuka. Daga nan sai kunu, da ruwan da muka samu, don famfon kan yi kwanaki bai kawo ba, sai mu sayi na 'yan amalanke ba mu san inda aka ɗebo shi ba. Zawo ya kama shi. Na kai shi likita, aka ba mu magani da abincin nan na gyaɗa da ake ba yara masu tamowa. Ya murmure, ya koma, ya sake murmurewa. Ni kuma ciki ya yi nauyi, goyonsa ma gagarata yake. Na haifi ƙanwarsa cikin bazara, kuma ba mu kai ga arba'in ɗinta ba ya rasu a cinyata, da hantsi, ina ƙoƙarin ɗura masa ruwa da cokali.

Da maza suka dawo daga kai shi, mijina ya zauna a rumfa. Abin da ya fara faɗa shi ne maƙabarta ta cika. Ya ce da yana yaro tafiya ce ake yi kafin a kai can, yanzu gidaje sun zo har bakinta, kuma sai da suka yi ta dubawa tsakanin ƙananan kaburbura kafin su sami wuri. Ya ce wasu yara na buga ƙwallo a gefe, suka tsaya cik har aka gama addu'a.

Uwar mijina ta zo gaisuwa ranar kasuwa, a bayan motar 'yan kasuwa, da ɗan buhun hatsi da ƙullin busasshen zogale. Inna muke ce mata. Doguwa ce, siririya, ba ta da yawan magana. Mijina shi ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon idonsa, ba ta zama su yi hira. In za ta ambace shi sai ta ce "wancan". In tana son ya san wani abu, ni take faɗa wa da ƙarfi yadda zai ji. Shi ma in ya gaishe ta, kansa ƙasa, ta amsa a taƙaice ta kau da kai.

Masu gaisuwa suka watse, ita ba ta tafi ba. Ta shimfiɗa tabarmarta a rumfa, ta karɓi wankan jaririya, ta karɓi daka. Wata safiya ta ce za ta je ɗibar ruwa da kanta, na hana ta, ta ƙi. Sai kusan azahar ta dawo da bidon guda, jarkar ruwa, a ka. Ta sauke, ta zauna tana haki.

"Wanga wuri na san shi," ta ce. "Ina budurwa nan muke biyowa in za mu kasuwa. Daji ne, zabi na tashi gabanka. Yau kuwa na ƙirga mata a layi har na ɓace, kuma kowace da goyo, wata da goyo da ciki da na hannu."

Na san inda maganar ta nufa.

Kwanaki bayan haka muna haɗa kopto, kwaɗon zogale, tana murza ƙuli a kan zogale, ta ce ba tare da ta dube ni ba: "Ɗiyata, na haihi tara, amma ban taɓa goya biyu ba. A zamaninmu mace in ta haihu gidansu take tahiya, ba ta komowa sai yaro ya yi ƙahwa, ya ci tuwo da hannunai. Wadda duk ta yi kunika, kunya ta ishe ta, ta ishe mijinta. Ku yanzu ina za ku? Ɗaki guda, gado guda."

Da farko shawararta ita ce ta tafi da ni ƙauye in zauna wurinta har in yaye. Ta faɗa da ƙarfi, mijina yana wanke ƙafa a bakin rumfa. Ya ce, yana kallon butarsa, ai Inna ta san yadda ƙauye yake. Ita ma ta sani. Ƙannensa sun cika gidan da iyali, rumbu ba ya kaiwa damina, kuma in jaririya ta yi zazzaɓi likita yana da nisa. Ba ta sake tada zancen ba, amma na ga abin yana cin ta.

Sai ranar da na dawo daga awon jaririya ta tambaye ni me ake gaya mana can da muke daɗewa haka. Na ce sajfam, wato ungozomar likita, takan yi mana bayanin hutun haihuwa kafin a fara awo. Akwai ƙwaya, akwai allura, akwai wanda ake sawa a damtse.

"Ke mi kika gani?"

Na ce tsoro nake ji. An ce yana kashe mahaifa. Kuma ban san da bakin da zan faɗa wa maigida ba, ga shi yanzu muka binne ɗa.

"An ce, an ce," ta ce. "Wa ya ce? Kai ni in ji da kunnena."

Muka je. Benci cike da 'yan mata masu goyo, ita kaɗai ce tsohuwa, ta zauna tsakiyarsu da carbinta. Da layi ya zo kanmu, sajfam ta dube ta ta ce, "Inna, masu hawan jini ɗaki na gaba ne."

"Jinina lahiya lau. Tambaya na zo."

Sajfam ɗin mace ce mai jiki, da ganin idonta ta gaji, ga mata a waje suna jira. Amma ta ja kujera ta ba ta. Inna ta yi tambayoyinta ɗaya bayan ɗaya kamar mai sayen akuya. Abin nan yana rufe mahaifa har abada? A'a, in an bari ciki yana zuwa, ko da wata takan ɗan jinkirta. Yana ƙafar da nono? Akwai wanda ba ya taɓa nono, shi ake ba mai goyo. Ba ya da wata illa ko kaɗan? Sajfam ta ce ba za ta yi mata ƙarya ba, yakan rikita wa wasu al'ada, wasu su yi ciwon kai, in ya dami mace sai ta dawo a sauya mata. Inna ta gyaɗa kai. Na lura wannan amsar ta fi kwanta mata, don ba ta yarda da maganin da aka ce ba shi da aibi.

Sai sajfam ta tambaye ni haihuwa nawa, na ce biyu, ɗaya ya koma. Ta tambayi yadda aka yi, na faɗa mata. Ta ajiye biro ta ce a hankali, "Da kin zo, da na ce ki ci gaba da ba shi nono. Nonon mai ciki ba ya cutar da yaro."

Ban san lokacin da na fara kuka ba. Inna ta ɗora hannunta a gwiwata ta bar shi nan. "Ni ma haka na taso na ji ana hwaɗi," ta ce wa sajfam. "Da ina nan, ni ma cewa zan yi ta cire shi."

Ranar da ta yi wa ɗanta magana, bayan la'asar ne. Ya dawo daga aiki, siminti har gwiwa. Ina cikin ɗaki ina shayarwa, ƙofa a buɗe. Tana zaune tana ɓarar gyaɗa, ta ba shi gefe kamar kullum. Sai na ji ta ce, "Kai, zamna."

Ban taɓa jin ta yi masa magana kai tsaye haka ba. Shi ma ya tsaya kamar bai ji daidai ba, sannan ya durƙusa nesa kaɗan.

Ta gaya masa inda muka je da abin da aka ce. Ya saurara har ta gama. Ya ce, "Inna, haihuwa ta Allah ce. Kuma mutane mi za su ce? Jiya-jiya na rasa ɗa, yau a ji na kai matata a tsai da haihuwa?"

"Ta Allah ce," ta ce. "Ubanka ma ya san haka. Amma kan kowanenku ya bar ni gidanmu har na yaye, kuma ba wanda ya ce ya saɓa ma Allah. Shi yana da inda za ya kai ni. Kai ba ka da."

"Ina son ɗiya, Inna."

"Ni ma ina son jikoki. Waɗanda za su tashi nike so." Ta ajiye ƙwaryar gyaɗa, ta juyo, ta dube shi sosai. "Dubi wuyan yarinyar nan yadda ya koma. Ba ta da uwa. In ban hwaɗa maka ba, wa za ya hwaɗa? Kana gani da sauƙi nike wagga magana da kai?"

Mijina ya sunkuyar da kai, sannan ya tashi ya ɗauki buta ya fita masallaci.

Kwanaki suka wuce. Daga baya ne ya gaya mini ya tambayi limamin unguwa, liman ya ce in don lafiyar uwa da ɗa ne, kuma miji da mata sun yarda, babu laifi a huta. Wata safiya ya aro babur wurin maƙwabci, ya ce in goya yarinya mu tafi likita. Bai shiga ba. Ya tsaya can ƙarƙashin itacen bedi yana duban ginin kamar mai neman inda ya tsage, har na fito.

Inna ta koma ƙauye da ruwan shuka, ta ce ba za a yi shuka ba ta nan ba. Yarinyar ta sha nononta har ta ƙoshi, ta yi ƙafa, ta yi baki, ta shiga shekara ta huɗu kafin in haifi ƙanenta. A tsakanin nan jikina ya dawo, na fara 'yar sana'ar ƙuli, mijina kuma ya samu ya ɗora mana ɗaki na biyu. Ba duka aka yi da daɗi ba. Allurar farko ta wahalar da ni sai da aka sauya, kuma akwai matan da suka riƙa tambayata ko lafiya, shiru haka.

Da aka yi sunan yaron Inna ta zo, ta ƙara tsufa, tana dogara sanda. Motar ta sauke ta inda ta saba sauka, amma ta kasa gane hanya, don an yi layuka uku na gidaje a gabanmu, har da shaguna da injin niƙa. Wata maƙwabciya ce ta gan ta tana zagaye ta rako ta. Ta karɓi jinjiri ta juya shi, ta matsa cinyarsa, sannan ta kira yayarsa ta sa ta tsaya gabanta ta dube ta daga sama har ƙasa. "To, madalla," ta ce. Ta nemi ruwa ta sha.

Da lokacin kaka Inna ta rasu, bayan gajeriyar jinya. Muka je ƙauye muka yi zaman makoki. Kafin mu dawo dattawa suka zauna rabon gona, don tun rasuwar uban ita ce ta riƙe ta a haɗe. Da aka bi da igiya aka fitar wa kowa nasa, rabon mijina ya zama wani ɗan siririn yanki da hatsinsa ba zai riƙe gida wata biyu ba. Ya tsaya ya dube shi, ya ce ƙannensa su haɗa da nasu su noma. Washegari muka hau motar kasuwa da yaranmu biyu muka komo Filinge.