Tafin Ƙafar Orvil Kafinta

Yayana Orvil bai taɓa yarda da ido ba a kan katako. Shekara arba'in yana aikin kafinta a nan tsibirinmu na Utila, kuma duk dandamalin da ya buga, sai ya cire takalmi ya taka shi daga farko har ƙarshe kafin ya ce an gama. "Ido maƙaryaci ne, Zelda," haka yake ce mini, "tafin ƙafa kuwa ba ya munafunci." Har tsokanarsa ake yi, wai kafintan da ke aiki da ƙafa.

Dandamalin da ya fi ji da shi na gidansa ne, wanda ya miƙe bisa ruwan teku. Shi ya zaɓi katakon ɗaya bayan ɗaya shekarar da ya yi aure. A kansa ɗansa Delroy ya yi rarrafe, ko sartse ɗaya bai taɓa shigarsa ba. Wannan Delroy ɗin ne, bayan uban ya mayar da gidan da sunan ɗan don gudun rigimar gado, ya sayar wa wata mata, Doña Leticia, daga birnin San Pedro Sula, ya kama gabansa. Allah wadai! Orvil ya dawo ɗakin da ke bayan rumfar da nake soya kifi.

Bayan wata uku sai ga matar da kanta. Ta sa an wanke dandamalin da injin feshin ruwa, an kanga bakin injin dab da katako, ga shi duk ya tashi gashi-gashi kamar bayan akuya.

"Baba, an ce kai ka san shi," in ji ta. "In bai gyaru ba zuwa Asabar, zan sa a ɓamɓare a sa na roba."

Tana fita na ce, "Yaya, don Allah ka bar su da kayansu. Wanda ya ɓata ya gyara mana!"

"Gidan nasu ne," ya ce. "Katakon kuwa ni na san shi."

Kwana biyu bai taɓa komai ba, yana jira ya bushe, don jiƙaƙƙen katako in ka goga masa samfefa, takardar gugar katako, ƙara yagewa yake yi. Matar ta aiko sau uku, wai tsohon malalaci ne. Rana ta uku ya durƙusa. Ya naɗe samfefa a guntun katako yana bin yadda zaren itacen ya kwanta, ba ya ratsa shi. Ya goge, ya share ƙurar, ya ja gwiwa gaba. Mutum mai shekara saba'in da ɗaya fa, da gwiwar da ke kumbura da zarar hadari ya haɗo. Ina kai masa kifi da burodin kwakwa raina na ƙuna, shi ko kallona ba ya yi.

Asabar da hantsi ya kai katako na ƙarshe. Ina tsaye da kwanon abinci Doña Leticia ta fito, baki har kunne. Orvil ya sunkuya ya fara kwance igiyar takalminsa.

"A'a, Baba! Me za ka yi?"

"Zan taka ne in ji, ranki ya daɗe."

"Da wannan ƙafar? Ba a shafa wa katakon mai ba tukuna, sai ka bar mini shaidar ƙafa, ga baƙi na zuwa da yamma. Ai ya yi kyau, da idona nake gani."

Wallahi saura kaɗan in kifa mata kwanon a ka. Shi kuwa ya mayar da igiyar ya ɗaure, ya tattara samfefarsa, muka fito ta ƙofar baya.

Dandamalin yana nan, ba a ɓamɓare ba. Orvil bai sake karɓar aikin kowa ba tun ranar. In masu wucewa suka tsaya sayen kifi suka ce masa, "Kai, Baba, aikin nan ya yi kyau," sai ya dubi takalminsa ya ce, "Haka na ji ana faɗa. Ni ban sani ba."