Matar da Allah Ya ce wa a'a

Shekara biyar ke nan da muka binne surukata, Mama Rifkatu, mai sayar da doya a Kasuwar Jalingo. Har yau akwai waɗanda in an ambaci sunanta a unguwarmu ta Nukkai sai su taɓe baki, su ce ai ita ce tsohuwar da rashin bangaskiyarta ya kashe ɗanta. Ɗan nan mijina ne, Ishaya. Ni ma na taɓa faɗin haka da bakina, don haka ni ya kamata in fito in janye maganar a gaban kowa. Wanda ransa zai ɓaci, ya ɓaci.

Mama ba ta iya addu'a irin ta mutane ba. Da safe kafin ta tafi kasuwa takan zauna a kan wani tsohon turmi da ta kife a ƙofar ɗakinta, ta yi wa Allah magana da yaren Mumuye gauraye da Hausa, kamar da maƙwabcinta take yi. Takan gode, takan kai ƙara, wani lokaci har faɗa take yi. Sai kuma ta yi shiru, shirun da ya isa a dafa shayi a shanye. Ina amarya na taɓa ɗauka gyangyaɗi take, na taɓa kafaɗarta. Ta buɗe ido ɗaya ta ce, "'Yata, kin taɓa ganin ciniki da mutum ɗaya ke magana? Na faɗi nawa, bari Ya faɗi nasa." A zumuntar mata ta coci ma sun daina ba ta addu'ar buɗewa, don sai a ce amin sau uku ita ba ta gama ba.

Ba a daɗe da mayar da Jalingo babban birnin jiha ba Ishaya ya kwanta da ciwon hanta. Asibiti suka yi iya yinsu, suka ce mu koma gida. A lokacin ina zuwa wata sabuwar majami'a, sai 'yan'uwa daga can suka riƙa zuwa kullum da la'asar, su cika ɗakin da tafi da waƙa da tsawa wa ciwo. Shugabansu ya kafa mana doka cewa kada wanda ya ambaci mutuwa a gidan. Duk sanda Ishaya ya buɗe baki ya ce, "Hannatu, idan na tafi…" sai a rufe shi da ihun ba zai mutu ba. Muryata ta fi ta kowa ƙarfi, don tsoro ne ya cika ni.

Mama kuwa kwana uku ba ta je kasuwa ba, tana kan turminta. Da kunnena na ji tana cewa, "Ka ɗauki ubansa, ban ce komai ba. Wannan kuma fa? Ga ni tsohuwa a zaune, me ya hana Ka ɗauke ni?" Ta yi kuka, ta yi shiru, ta sake kawo wata hujjar. A rana ta huɗu, da masu addu'a suka iso, suka tarar da ita tsaye ta tare ƙofa.

Ta ce, "Na roƙe Shi kwana uku. Ya ce a'a. Ku koma gida, yarona yana da magana da matarsa."

Shugaban ya ce, "Haba Mama, Allah ba Ya ce wa mai bangaskiya a'a."

Ta dube shi ta ce, "Yaro, kai ka taɓa yin shiru ka ji abin da Yake cewa?"

Suka fita suna girgiza kai. Ni kuwa na ce mata in ya mutu ita ta kashe shi. Ta kama hannuna ta tura ni ɗakin, ta ja ƙofa.

Ranar Ishaya ya yi magana har rana ta faɗi. Ya ce ya gaji da yin kamar yana samun sauƙi don ya faranta mana. Ya ce yana jin tsoro, muka yi kuka tare. Ya nemi gafarata a kan abin da ya shafe mu mu biyu, ya ce in gaya wa 'yarmu Godiya, wadda ke goye a lokacin, cewa shi ya zaɓa mata suna, kuma bai taɓa yin da-na-sanin ta zo mace ba. Bayan kwana biyu ya cika.

Shekara guda ban gaida Mama ba, ita kuwa ba ta fasa aiko mana da doya ba. Na huce ne a hankali, don duk sanda kewa ta danne ni, maganganun wannan yammacin nake jawowa in riƙe. Da a ce da ihu muka raka shi, da ba ni da ko ɗaya. Na je kasuwa na durƙusa a gaban tulin doyarta, ta ce, "Tashi, kina tare min masu saye." Da na zauna kusa da ita sai ta ce, "Ni ma wata shida ban yi Masa magana mai daɗi ba. Amma kullum ina zuwa kan turmin."

Yau daga unguwar Majidaɗi har Nukkai, da wuya ka wuce layi ba ka ji lasifika tana ba Allah umarni ba. Da Mama na nan, na san tambaya ɗaya za ta yi: yaushe ake ba Shi dama Ya amsa? Ban ce Allah ba Ya warkarwa ba, na ga waɗanda Ya tasa daga shimfiɗa. Ba ni kuma da hujjar da zan nuna wa kowa cewa muryarsa ta ji. Abin da na sani shi ne ta yarda da Shi har ta iya yi Masa gardama, ta kuma iya karɓar amsar da ta ƙona mata zuciya. Mu da muka kira ta marar bangaskiya, amsa ɗaya tak muka yarda Ya ba mu.

Mama ba ta bar gida ko fili ba. Ta bar wa Godiya saƙon ubanta, ni kuma ta bar mini turmin. Duk mai son ya sake cewa ta kashe ɗanta, ya zo Nukkai ya faɗa mini ido da ido, ina kan turmin kowace safiya. In ya tarar na yi shiru, ya jira, ana yi mini magana ne.