Sunan Da Mma Adiza Ba Ta Faɗa

Har yau ranar nan ba ta fita daga raina ba, wata Litinin a ƙarshen Oktoba, da Injiniya Owusu ya kira ni ofishinsa ya ce in ɗauki tsani da buroshi in nufi Zongo. Lokacin ni ne babban mai rubutun allo a sashen ayyuka, saura shekara biyu in ajiye aiki. Ku yaran yanzu da kuke buga harafi a kwamfuta ku manna, ba ku tarar da wannan muƙami ba. Mu da hannu muke yi: sunan titi, allon makaranta, lambar rumfa a kasuwa, duk abin da hukuma ke so a karanta daga nesa.

Aikin da aka ba ni shi ne bangon mazan jiya. Ga wanda bai san unguwar ba, wani ɗan bango ne a bayan masallaci, ƙarƙashin itacen mangwaro. Tsofaffin sojojin Zongo ne suka gina shi da hannunsu, suka sa aka rubuta sunayen 'yan'uwansu da suka tafi yaƙi ba su dawo ba, na yaƙin Bama da na Kwango da na baya-bayan nan. Babu kabari ko ɗaya a wurin. Yawancinsu ma ba a san inda aka binne su ba, bangon nan shi ne iyakar abin da ya rage musu a duniya. Ruwan Kumasi kuwa ba ya raga wa fenti, don haka aka ce a sabunta shi kafin ranar tunawa da mazan jiya, wadda ta rage mako biyu.

Ƙa'idar irin wannan aiki ba ta da wuya, amma ba a tsallake ta. Da farko ka kwafe duk abin da ke jikin bango a takarda. Shugaban tsofaffin sojoji ya sa hannu, injiniya ya sa hannu. Sai a kankare tsohon fenti, a yaɓe, a shafa fari, a ja layuka da zare mai alli, sannan ka zauna ka rubuta. Sunan da bai shiga takarda ba, ba ya hawa bango, kuma ba a barin gurbi. Na ƙasa sai ya matso sama ya rufe wurin, kamar ba a taɓa yin kowa a nan ba.

Na fara kwafi da sassafe, ana ɗan yayyafi, ƙamshin koko da ƙosai yana tasowa daga bakin titi. A da, idan mutumin arewa ya shiga soja, sai a haɗa masa sunansa da na garinsu ko ƙabilarsu. Ina rubutawa ina karantawa a raina: wane Bawku, wane Gao, wane Yendi, wane Zabarma. Kafin in kai tsakiya hankalina ya bar Kumasi. Sai nake ganinsu suna gangarowa daga arewa a ƙafa, bayan garken shanu ko jakunan goro, samari masu ƙura a gwiwa, kowa da ɗan ƙunshinsa a ka, ba wanda ya san jirgin ruwa na jiransa. Na daɗe a tsaye da biro a hannu, har mai koko ta tambaye ni ko lafiya.

A layi na goma sha bakwai na tsaya cak. Sauran sunayen sun koɗe, amma idan ka karkata kai za ka gane su. Wannan kuwa muƙamin kaɗai ya rage, Kofur, wato mai igiya biyu. Inda sunan yake siminti ne zalla, sumul, har yana ɗan ƙyalli kamar bakin tsohon turmi.

Na kira Samanja Bukari, shugaban tsofaffin sojojin. Samanja shi ne mai tsawa a fareti, kuma ko da ya tsufa muryar ba ta yi ritaya ba. Ya zo da sandarsa ya duba.

"Penta, wannan kam ni ma ban sani ba kuraa, ko kaɗan," in ji shi, don Penta suke ce wa mai fenti. "Mutanen yaƙin Kwango ne. Lokacin nan ni ko wando ban fara sawa ba."

Na tambayi littafinsu na rajista, ya ce rufin ofishinsu ya yi yoyo shekarun baya, abin da ruwa ya bari gara ta ƙarasa. Ya kawo mini wani tsohon hoto na bangon, muka duba da tabaronsa da nawa, sai ga kafaɗar wani ƙaton mutum ta rufe daidai wurin. Hedikwata a Accra kuwa ba sa bincike sai da suna ko lambar soja.

"Amma akwai mai shi," in ji Samanja. "Jira Juma'a. Kana tsammani ruwa ne ya ci wurin nan? Hannu ne."

Ranar Juma'a da hantsi sai ga wata tsohuwa ta sauko daga tasi, siririya, da farin mayafi. Ba ta kalli kowa ba. Ta taka a hankali har gaban bango, ta ɗora tafin hannunta a layi na goma sha bakwai, ta shafa daga hagu zuwa dama, leɓɓanta suna motsi. Samanja ya raɗa mini cewa Mma Adiza ke nan, matar mamacin, kuma tun yana yaro yake ganinta a nan kowace Juma'a.

Ni kuwa murna ta kama ni, aiki ya zo da sauƙi. Na gaishe ta, na buɗe takarda, na cire murfin biro, a gaban Samanja da mai koko da masu wucewa na ce, "Mma, yaya sunan maigidan naki?"

Ta dube ni kamar na watsa mata ruwa. Na ɗauka kunne ne, sai na ƙara murya: "Sunansa, Mma! Ki faɗa kawai in rubuta!"

Ta ja mayafinta, ta juya, ta tare tasi ta tafi. Ko sallama ba ta yi mana ba.

Samanja ya buga sandarsa a ƙasa. "Kai, Penta! A Zongo aka haife ka ko a Adum, tsakiyar birni? Ka taɓa ji kakarka ya kira sunan kakanka?"

Wallahi kunya ta rufe ni. Kakata har ta koma ga Allah ba ta taɓa furta sunan mijinta ba. Malam take ce masa, kuma duk yaron da ya ci sunansa, sai ta kira shi mai sunan Malam. Na san wannan sarai. Shekara talatin na cika fom a ofis ne suka sa na manta cewa akwai bakin da ba ya iya faɗin wani suna, ko da za a ba shi duniya. Ga shi kuma Litinin za a sa hannu a takarda. Idan ta wuce babu suna, da hannuna zan matso da na sha takwas in rufe mutumin.

Washegari na sayi goro na ƙunsa a ganye, muka shiga mota da Samanja zuwa Asokore Mampong, inda take zaune a gidan ɗanta. Muka same ta a tsakar gida tana yanka kuɓewa a faranti. Na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta bar ni a durƙushe har ta gama kuɓewa uku, sannan ta ce, "Tashi, ɗana. Gemunka ya yi fari amma hankalinka bai yi ba tukuna."

Na yi mata bayanin ƙa'ida, ban ɓoye komai ba. Ta ajiye wuƙar. Na tambaya ko akwai wanda ya san sunan cikin 'ya'yanta, ta girgiza kai.

"Shi kaɗai ya zo daga Dosso, ba uwa ba ɗan'uwa. A bariki ma da sunan garinsu ake haɗa masa. Wata bakwai muka yi da aure. Bayansa na yi wani aure, na haifi shida, Allah Ya jiƙan ubansu, mutumin kirki ne. Amma yaya zan zauna a gidan wani ina ba 'ya'yansa labarin wancan? Waɗanda suka san shi duk sun tafi."

Daga nan sai ta daina kallonmu. Ta ce ranar da za su tafi ta raka shi tashar jirgin ƙasa da ƙunshin gyaɗa. Ya leƙo ta taga ya ce zai kawo mata keken ɗinki. Hayaƙi ya rufe shi, da hayaƙin ya washe babu jirgi. Ta ce har yanzu wani lokaci, idan ta gyangyaɗa bayan azahar, takan ji ƙarar keken ɗinki a ɗakin da babu keke. A mafarki kuma kullum yana nan da ƙuruciyarsa, ita ce kawai ta tsufa, har takan ji nauyin ya ganta haka. Wata kaza ta zo tana tsattsagar kan kuɓewa, ba wanda ya kore ta.

Can sai ta ɗauki wuƙarta ta ce, "Bakina ba zai faɗa ba. Amma kunnena bai mutu ba, ai."

Sai da Samanja ya zungure ni da gwiwar hannu na gane. Na gyara zama na fara kira a hankali.

"Muhammadu?"

"A'a."

"Abubakari? Umaru? Usumanu?"

"Wuce."

Na bi sunayen annabawa, na bi na sahabbai. Samanja yana taya ni da na mutanen arewa, Seidu, Salifu, Mumuni, Issaka. Tana ta yanka kuɓewa tana cewa a'a, wani lokaci har da dariya: "Wannan ai mai wankin bariki ne." Mun kai suna arba'in, maƙogwarona ya bushe, na fara jin tsoron kada ya zama irin sunan Zabarmawa da ban taɓa ji ba. Sai na tuna wani tela da ke kusa da gidanmu muna yara, na ce, "Tahiru?"

Wuƙar ta tsaya. Ba ta ce a'a ba, ba ta ce i ba. Tsohuwar nan mai jikoki da tattaɓa-kunne ta kama bakin mayafinta ta rufe fuska, ta juya mana kafaɗa kamar amarya. Na dubi Samanja, na ga mai tsawar fareti yana share ido da bayan hannu.

Ranar Litinin na kai takarda ofis. Injiniya Owusu mutumin Kwadaso ne, a bakin leburori ya koyi Hausa, kuma ba ya wasa da ƙa'ida. Ya sa yatsa a layin ya ce, "Issifu, wannan suna daga ina? Ba pepa, ba suna. Tsohuwa nan da ka ce matanshi ne, ya faɗa da bakinshi?"

"Ba ta faɗa ba, Masa," na ce, don haka muke kiran manyan ofis.

"To ya rubuta?"

"Ba ta iya rubutu ba."

"Ei! To me zan sa a wurin shaida?"

Na ba shi labarin tun daga Juma'a, har da wautar da na yi. Ya jingina da kujera yana kallon fanka. Na riga na shirya cewa idan ya ƙi, zan roƙe shi ya ba wani aikin, don ni dai hannuna ba zai rufe layin nan ba. Sai ya ja takardar, ya rubuta da kansa cewa matar mamacin ta tabbatar a gaban shaidu biyu, ya sa hannu. "Yoo, shi ke nan," in ji shi. "Je ka rubuta shi da kyau paa."

Kwana huɗu na yi ina rubutu. Na bar na sha bakwai sai ƙarshe, ranar Alhamis da la'asar, na wanke buroshi da kananzir, na yi bismillah, na ja shi harafi ɗaya bayan ɗaya: Kofur Tahiru Dosso.

Da Juma'a ta zagayo ina kwance tsani sai ga ta. Ta tsaya gaban bangon tana kallon baƙaƙen haruffan da ba ta iya karantawa. Ta yafito ni, ta duba hagu da dama, ta ga ba kowa kusa.

"Ɗana, me ka rubuta a nan?"

Na karanta mata.

"Sake."

Na sake. Ta lumshe ido.

"Tun ranar tashar nan," in ji ta, "ban ƙara jin wani ya kira sunan nan yana nufin shi ba. Sake ɗaya."

Na faɗa a karo na uku. Ta yi ɗan murmushi, idonta a rufe.

"To, ya isa haka," ta ce. "Kada maigidan ya saba da kira."

Abin da na ɗauka daga wannan aiki ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. Za a riƙa aiko ku da takarda ku tambayi mutane, kuma mutanenmu ba duk abin da suka sani suke iya faɗa ba. Wani abin tsananin girmansa ne a zuciya yake hana shi fita. Idan kuka tarar da irin wannan shiru, ku zauna, ku rage murya, ku ba shi lokaci. Na yi shekara talatin ina ɗauka aikina shi ne in sa harafi ya miƙe a kan layi. Sai a gaban tsohuwar nan na san cewa akwai sunan da mutum ɗaya tak ya rage yana riƙe da shi a duniya, kuma saura kaɗan in shafe shi da garajena.